Tambaya da Amsa: An Kama Yaro Kan Dutse Yana Ɗaukar Atisayen Abokan Karawa, Wane Hukunci Ya Dace?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren kwamitin wata gasar ƙwallon ƙafa ta babban hutu da matasan unguwanni suke yi a nan Damagaram. Ƙungiyoyi 16 suka shiga bana, yanzu saura huɗu. Ranar Juma'a bayan la'asar, saura kwana biyu wasan kusa da na ƙarshe, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ta nemi izinin darakta ta shiga filin wata lakwal mai katanga, suka rufe ƙofa suna atisaye. Sai mai gadi ya hango wani yaro kwance a kan dutsen da ke bayan katangar yana ɗauka da salula. Aka kamo shi, aka ƙwace wayar, har wasu suka mammare shi. An ga bidiyo na kusan minti 20 a ciki, mafi yawansa bugun kwana ne da fenariti, kuma ya riga ya tura guntu biyu ta WhatsApp ga mataimakin kocin ƙungiyar da za su kara da ita. Yaron bai wuce shekara 16 ba, ya ce jika biyu aka yi masa alkawari. Waɗanda aka leƙa sun ce sai dai a kori waccan ƙungiya daga gasar. Su kuma sun ce babu inda takardar dokokinmu ta hana kallon atisaye, kuma gaskiyarsu ce, babu. Abin da ke ciki kawai shi ne kwamiti na da ikon hukunta duk halin da ya saɓa wa ladabin wasa. Mun ɗage wasan, gari ya ɗau zafi, kowace fada da abin da take faɗa. Malam, wannan laifi ne a dokar ƙwallo? In laifi ne, wane hukunci za mu yanke wanda ba zalunci?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya saka muku da alheri da kuka ɗage wasan nan tun kafin a kai ga jifa. Na daɗe ina busa usur, na kuma zauna a kwamitocin ladabtarwa na ƙananan gasanni, saboda haka na san nauyin da ke kan wuyan mutum idan unguwa biyu suka zuba masa ido.

Ga inda na tsaya tun daga farko, don kada ka yi ta jira: laifi ne, kuma ku hukunta shi har ya yi zafi, amma kada ku kori ƙungiyar bana. Baɗi kuwa, in kun rubuta doka tun kafin a fara, wanda ya sake irin wannan ya tafi gida. Dalilin bambancin shi zan yi maka bayani.

Dokokin wasa 17 da alƙalin wasa ke aiki da su, waɗanda hukumar IFAB ke kula da su, ba su ce komai a kan wannan ba. Su abin da ya shafi fili da lokacin wasa suka sani. Abin da ya faru ranar Juma'a a bayan katangar lakwal ba hurumin mai usur ba ne, hurumin masu gasa ne, wato ku. Don haka kada wani ya ɗauko littafin dokoki ya ce ku nuna masa wurin. Ba a can ake nema ba.

Amma kafin a ce laifi, sai an raba tsakanin nazarin abokin karawa da leƙen asirinsa, domin mutane suna cakuɗa su, har wanda ya yi laifi ya fake da cewa ai kowa ma yana yi. Kocin da ya je ya zauna cikin ƴan kallo ranar da kuke wasa da wasu, ya fito da takarda yana rubuta wa ke gudu ta gefen dama, wa ke saurin fushi, ina golanku yake da rauni, wannan aikinsa yake yi, kuma ni ina yaba masa. A gasar cin kofin duniya ta 2006, da Jamus da Ajantina suka tashi 1-1 aka je fenariti, golan Jamus Jens Lehmann ya riƙa zaro wata ƴar takarda daga cikin safarsa yana dubawa kafin a buga. An rubuta masa inda ƴan Ajantina suka saba aika ƙwallo. Ya tare biyu, Jamus ta wuce da 4-2. Ba wanda ya tuhume shi, saboda daga wasannin da aka yi a bainar jama'a aka tattaro bayanin. Abin da aka baza a kasuwar Dole kowa ya gani ya taya. Abin da mai gida ya shigar ta zaure ya ja ƙyaure, wanda ya hau katanga don ya gani ya san abin da yake yi.

Wannan bambanci ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da Turai. Yawancin ƙungiyoyinmu a buɗaɗɗen fili suke atisaye, ga ƴan kabu-kabu suna hutawa a gindin bishiya, ga mai shayi, ga yara sun kewaye. Wanda ya yi atisaye a irin wannan wuri ba shi da ta cewa in ɗan wata unguwa ya tsaya kallo. Da a can aka kama yaron nan, da na ce ku ba shi wayarsa ku ba shi haƙuri. Abin da ya mai da maganarku laifi shi ne waɗannan mutane sun nemi wuri mai katanga, sun rufe ƙofa, wato sun faɗa wa kowa, ba da baki ba, cewa yau ba ma son ido. Shi kuma ba tsaye ya yi ba, kwanciya ya yi kan dutse. Mai kallo na halal ba ya kwanciya rub da ciki. Ko a manyan gasanni haka ake yi: ranar jajibirin wasa akan bar ƴan jarida su ga minti 15 na farko, lokacin da ake ɗumama jiki, sannan a fitar da su a rufe. Kowa ya yarda koci na da haƙƙin ya keɓe da yaransa. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan ladabi. A Suratul Hujurat aka hana mu bin diddigin asirin juna.

Za ka ji wasu a fada suna cewa me ma za a gani a atisayen ƴan unguwa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa shirya ƙungiya ba. Atisayen farkon mako gudu ne da motsa jiki, ko ka kwana kana kallo ba za ka ƙaru da komai ba. Na kwana biyu ko uku kafin wasa shi ne inda koci ke zazzage jakarsa. A nan ake raba riguna, mai ido ya gane su wa za su fara da su wa za su zauna benci. A nan ake ganin ɗan gaban da kowa ke tsoro yana ɗingishi a gefen fili, abin da ƙungiya ke ɓoyewa don abokan karawa su ɓata mutum biyu wajen tsaronsa. A nan ake maimaita bugun kwana: in mai bugu ya ɗaga hannu ɗaya turken kusa za ta je, in ya dafa ƙugu gajeruwa za a yi, wane zai tsaya gaban gola ya tare masa hanya, wane zai taso daga baya ya sa kai. Dabara irin wannan sau ɗaya take ci, ƙarfinta duka a bazata yake. Ranar da aka san ta ta mutu. Fenariti kuwa ya fi komai. Idan gasarku irin sauran gasannin unguwa ce, inda canjaras ke kai wa kai tsaye ga bugun daga kai sai gola, to golan da ya san mutum biyar na farko da kusurwar da kowannensu ya fi so ya shiga fili da rabin nasara a aljihu. Ka duba abin da ka ce an gani a wayar: kwana da fenariti. Wanda ya aiki yaron nan ya san abin da ya aike shi ya ɗauko.

A da, in aka ga baƙo yana kewaya fili ana gobe wasa, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne laya ya zo binnewa a bakin raga, har matasa su kwana suna gadin turaku. Yanzu ga salula a hannun kowane yaro, kuma ni a ganina ɓarnarta ta fi tabbata.

Matsayin da kuke ciki an taɓa shigarsa a Ingila, kusan kamar an kwafa. A watan Janairu na 2019, ana shirin wasan Leeds United da Derby County a gasar rukuni na biyu, mutanen Derby suka ga wani yana laɓe a bayan shingen filin atisayensu, suka kira ƴan sanda. Ashe ma'aikacin Leeds ne. Ƴan sanda suka sallame shi ba tare da tuhuma ba. Kocin Leeds, Marcelo Bielsa, ɗan Ajantina, bai yi musu ba, ya fito ya ce shi ya aike shi. Aka buga wasan ranar 11 ga wata, Leeds ta ci 2-0. Bayan ƴan kwanaki ya tara ƴan jarida ya shafe sama da awa guda yana nuna musu tarin bayanan da yake da su kan Derby, ya kuma faɗa da bakinsa cewa duk ƙungiyar da suka kara da ita a kakar sai da ya sa aka leƙa atisayenta. Hujjarsa ita ce bai karya wata doka ba, kuma bayanin bai ma buƙace shi ba, yana yi ne don hankalinsa ya kwanta.

Hukumar gasar ta duba takardunta, ta tarar babu layin da ya hana. Sai ta koma ga wani sashe na gama-gari da ke cewa ƙungiyoyi su yi mu'amala da juna cikin gaskiya da amana, wato ɗan'uwan layin nan naku na ladabin wasa. Da shi ta ci tarar Leeds fam 200,000 a watan Fabrairu, kusan sefa miliyan 150 a lissafin lokacin, Bielsa ya biya daga aljihunsa. Ba ta zaftare maki ba, ba ta kori kowa ba. Daga baya ta zauna ta rubuta doka ƙarara: ba a kallon atisayen abokin karawa cikin awa 72 kafin wasa, sai in shi ya gayyace ka.

Ina ganin hukumar ta yi daidai wajen tsari, kuma shi nake so ku ɗauka: inda doka ba ta fito fili ba, a hukunta da sashen gama-gari, amma kada a kai hukuncin ƙololuwa, sannan a toshe kafar nan take. Sai dai tarar kanta ba ta gamsar da ni ba. Haurawa zuwa gasar Firimiya na kawo wa ƙungiya sama da fam miliyan 100. Wanda ke farautar wannan, me fam 200,000 za ta yi masa? Ya mai da ita kuɗin shiga kasuwa kawai. Derby kuwa, wadda aka cuta, ba a mayar mata da maki ukun ba. Gaskiya ne a watan Mayu na shekarar sun sake haɗuwa a wasannin cike gurbi na neman haurawa Firimiya, Derby ta je har gidan Leeds ta ci 4-2 ta fitar da ita, amma da ƙafarta ta ƙwaci wannan, ba hukuma ce ta share mata hawaye ba.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne abin da ya sami ƙungiyar matan Kanada a gasar Olamfik ta Paris, a watan Yuli na 2024. Su ke riƙe da lambar zinaren da aka ci a Tokyo. Ana saura ƴan kwanaki su kara da New Zealand a garin Saint-Étienne, sai ƴan New Zealand suka ga ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi, wanda muke ce wa kurman jirgi, yana shawagi a kan filin atisayensu. Ƴan sanda suka kama mai sarrafa shi, Joseph Lombardi, ma'aikacin tawagar Kanada. Kotun Faransa ta yanke masa ɗaurin wata takwas na jeka-ka-gyara-halinka, kuma wannan saboda dokar sararin samaniya ce, ba ta ƙwallo ba. Ka riƙe wannan a ranka, domin a halin tsaron da ƙasarmu ke ciki, duk wanda ya tayar da irin jirgin nan ba izini, maganarsa ta wuce teburin kwamitinku. Ita kuma FIFA ta zaftare wa Kanada maki 6, ta ci tararta kuɗin Suwizalan 200,000, ta dakatar da kociyar, Bev Priestman, da Lombardi da mataimakiya Jasmine Mander na shekara guda. Kanada ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta duniya, aka yi watsi da ƙarar.

Wannan hukunci ya taɓa abin da aka je sata, wato maki, shi ya sa duniya ta girgiza. Amma duba inda nauyin ya sauka. Ƴan wasan, waɗanda ba su suka tayar da jirgi ba, su suka ɗauki kayan. Suka ci New Zealand 2-1, suka ci Faransa mai masaukin baƙi 2-1, suka ci Kolombiya 1-0, wasa uku nasara uku, suka tashi da maki 3 kacal. Da ƙyar suka tsallake, Jamus ta fitar da su a fenariti a zagaye na gaba. New Zealand fa? An leƙa ta, an doke ta, ta koma gida tun a rukuni, maki shidan da aka cire ko ɗaya bai shiga aljihunta ba. Abin da ke damuna ke nan a duka shari'o'in biyu: an yi ta tunanin yadda za a hora mai laifi, an manta da wanda aka yi wa.

Ba kullum ake kai wa ga hukunci ba. A 2018 wani ma'aikacin Suwidin ya sami gida kusa da sansanin Koriya ta Kudu a Ostiriya yana hangen atisayensu, maganar ta ƙare da ban haƙurin kocin Suwidin. A 2013 a Italiya an tsinci wani kocin masu tsaron ragar Genoa sanye da kaya irin na soja cikin bishiyoyi yana leƙen Sampdoria. Inda aka mai da abin raha, sai ya ci gaba.

Yanzu ga naku.

Kafin komai, wayar nan ta bar hannun masu ƙara. Ta koma wurin shugaban kwamiti ko wani dattijo da ɓangarorin biyu suka amince da shi, domin muddin tana wurinsu, gobe za a ce su suka tura saƙon da hannunsu. A buɗe ta gaban wakilan kowa, a rubuta lambar da aka tura wa, da lokacin, da ko an amsa, da ko akwai kira ko saƙo tsakaninsu kafin la'asar ɗin. Shari'ar duka a nan take. Yaro da salula a kan dutse ba ya tabbatar da laifin ƙungiya. Igiyar da ta haɗa shi da jami'inta ita ce hujja. A saurari yaron shi kaɗai tare da mahaifinsa ko wansa, ba cikin taron matasa ba. A saurari mataimakin kocin, a saurari kocin, kowa daban. Kada ku yanke hukunci kan wanda ba ku ji ta bakinsa ba, ko da kun tabbata a ranku.

In igiyar ta tabbata, mataimakin kocin shi ne ɓarawon zaune, kuma kansa ya kamata sanda ta fi sauka. A dakatar da shi daga abin da ya rage na gasar bana da ta baɗi gaba ɗaya: ba benci, ba ɗakin canza kaya, ba tsayawa bakin layi. Babban kocin, ko ya rantse bai sani ba, ya kalli wannan wasa daga cikin ƴan kallo, domin shugaba shi ke ɗaukar nauyin mutanensa; ita ma hukumar ƙwallon Kanada an hukunta ta ne saboda ta kasa tsawata wa jami'anta. In kuwa ya bayyana ya sani, a haɗa shi da mataimakinsa.

Tara kuma kada ku ce jika kaza. Kusan kowace ƙungiyar unguwa tana da uban gida, ɗan kasuwa ko ɗan siyasa, wanda zai zaro kuɗin kafin ka rufe baki, kamar yadda Bielsa ya yi, har a tafa masa. Ku ɗora ta kan kyautar da za su samu: duk matsayin da suka ƙare, rabin kuɗin ya tsaya a hannun kwamiti. Wannan kowane ɗan wasa zai ji shi a jikinsa, zai kuma san wa ya jawo masa.

Sai haƙƙin waɗanda aka leƙa, wanda manyan hukumomi suka tsallake. Abin da aka sace musu shiri ne, shiri kuwa da lokaci ake mai da shi. Ku ba su aƙalla kwana huɗu cikakku kafin sabuwar ranar wasa, ku nema musu filin lakwal ɗin, kwamiti ya sa mutum biyu su tsare bayan katanga. Kuɗin ruwa da na mai gadi ya fito daga tarar. Na san za a kawo muku wasu shawarwari. Wani zai ce a fara wasan da 1-0. Wannan ba ƙwallo ba ce, kuma ba alƙalin kirki da zai busa irin wannan wasa. Wani zai ce su ma a bar su su kalli atisayen waɗancan a rama. Ai wasan kwaikwayo za a shirya musu, su tafi da ƙarya a kai.

Me ya sa ba kora? Ba don tsoron tarzoma ba. Kwamitin da ke auna hukunci da yawan duwatsun da wata unguwa za ta iya jefawa ya gama rasa gasarsa. Dalilin shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Kora ita ce hukunci mafi girma da kuke da shi, kuma ba a ɗauko mafi girma a ɗora kan laifin da ba a taɓa faɗa wa mutane farashinsa ba. Akwai yara wajen ashirin a waccan ƙungiya da suka yi karo-karo suka sayi riguna, suka sha rana tun farkon hutu, wataƙila ba su ji labarin nan ba sai a bakin mai shayi. In kun kore su da dokar da aka ƙirƙira bayan an yi abin, to kun ba kwamitin baɗi lasisin ya ƙirƙiri tasa a kan wanda ba ya so.

Amma baɗi maganar ta sauya, kuma a nan ba na sassauci. Ku rubuta, kafin a buga ƙwallo ko ɗaya, cewa ƙungiyar da ke son atisayen sirri ta sanar da sakatare wuri da lokaci. Duk jami'i ko ɗan wasan da aka tabbatar ya kalla, ya ɗauka, ya aika a ɗauko, ko ya karɓi abin da aka ɗauko daga irin wannan atisaye cikin awa 72 kafin wasa, ƙungiyarsa ta rasa wasan da ci 3-0. A rukuni, makin ya tafi wurin wanda aka cuta. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale, inda babu makin da za a zaftare, rasa wasa shi ne fita. Kada ku saka sharaɗin sai an nuna sun amfana, domin ba mai iya auna wannan, kuma duk wanda aka kama zai ce irin abin da Bielsa ya ce. A haɗa da cewa wanda ya shirya ƙage, ya aika yaronsa don a ɗora wa wasu, hukuncinsa ɗaya da na mai leƙen. In ba ku sa wannan ba, dokar da kanta za ta zama makami, musamman a gari irin namu inda kusan kowane fili akwai dutsen da ke kallonsa.

Za ka ce ai nan ma yaran da ba su ji ba su gani ba za su sha. Haka ne, kuma ba na ɗaukar wannan da sauƙi. Amma ƙwallo ta daɗe da yarda da irinsa inda aka faɗa tun da wuri. A watan Nuwamba na 2017 Najeriya ta sa Shehu Abdullahi a wasanta da Aljeriya na neman gurbin kofin duniya alhali yana da dakatarwa a kansa. An tashi 1-1, FIFA ta ba Aljeriya wasan 3-0. Kuskuren masu riƙe da takardu ne, sauran ƴan wasa ba ruwansu, amma ba wanda ya ce an yi zalunci, saboda kowa ya san dokar tun kafin a shiga fili. Idan aka karanta taku gaban kyaftin-kyaftin da kociyoyi ranar jefa ƙuri'a, kowa ya sa hannu, to ƴan wasan da kansu za su zama masu gadin kocinsu. Ba ɗan wasan da zai ga ana miƙa wa yaro jika biyu ya yi shiru, in ya san gasarsa ce za ta tafi.

Saura maganar da ba ka tambaya ba, amma ba zan tsallake ta ba. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Waɗanda suka mari yaron nan, in cikinsu akwai ɗan wasa ko jami'in da sunansa ke takardarku, layin nan na ladabin wasa ya hau kansu su ma, kuma su sha dakatarwar wasa ɗaya ko da ta faɗo kan wannan wasan. Zai yi wa ƙungiyarsu ciwo, za su ce an haɗa musu zafi biyu. Amma ɗan shekara 16 da aka ruɗa da jika biyu ba shi ne mai laifin da suke nema ba, kuma in kuka kawar da kai, duk hukuncin da kuka yanke wa waɗancan za a ce son kai ne. In yaron ya ji rauni, iyayensa na da damar zuwa kwamisariya, kada kwamiti ya tsaya musu a hanya. Shi kansa nasiha ta ishe shi, da hana shi shiga filin gasa zuwa ƙarshen bana. Kada a kira sunansa a lasifika, kada a bari hotonsa ya yi yawo a waya. Yaro ne, gobe zai nemi aiki da aure a garin nan.

A rubuta hukuncin a takarda ɗaya da dalilansa, duk ƴan kwamiti su sa hannu, a kira shugabannin ƙungiyoyin biyu a ba su a zama ɗaya, kafin labari ya fita ta wata kafa. A goge bidiyon gaban shaidu, a wayar yaron da ta wanda ya karɓa, a miƙa wayar ga mahaifinsa hannu da hannu.

Sannan ka ja kocin waɗanda aka leƙa gefe ka gaya masa kada gogewar nan ta ruɗe shi. Guntu biyun da aka tura ya ɗauka golan can ya haddace su, wataƙila suna cikin wayoyi goma yanzu. Ya sauya jerin masu fenariti, duk wanda fuskarsa ta fito a bidiyon ya yi kwana huɗun nan yana koyon ɗaya kusurwar. Alamun kwana kuwa ba sai ya zubar da su ba. Kocin Koriya ta Kudu na 2018, Shin Tae-yong, ya riƙa musanya wa yaransa lambobin riga don ya rikita masu leƙe. Shi ma kocin waɗanda aka leƙa ya bar mai bugu ya ɗaga hannu ɗaya kamar yadda aka gani ranar Juma'a, amma wannan karon ƙwallon ta tafi turken nesa.